Wake Biyar

Asabar, 29 ga Mayu, 1999

Tun safe rediyon maƙwabciyata Maman Bisi yake kuwwa ta kan katanga, wai soja sun miƙa mulki. Duk Gyadi-Gyadi ana ta hon ɗin acaɓa. Ni ina kan tabarma cikin kayan takaba. Wata uku da kwana ɗaya. Zaɓen nan da suke wa murna shi Malam ya tafi taya ƙirgawa a ƙauye, a hanyar dawowa tayar mota ta fashe. Ba wanda ya ambace shi a rediyo.

Wannan littafin cikin ragowar nasa na ɗauko, bai kai ga rubuta komai a ciki ba. A aji biyu na sakandare na tsaya, amma kullum cewa yake rubutuna ya fi nasa kyau. To ga shi nan, Malam.

Yarinyar ta tafi Islamiyya. Shekararta sha ɗaya, ita kaɗai Allah ya bar mana. Sunan Inna, mahaifiyar Malam, aka sa mata, kowa Ummi yake ce mata. Ni ko wannan ba na faɗa, 'yar fari ce. "Ke" ya ishe mu.

Laraba, 2 ga Yuni

Malam Mu'azu ya zo, wanda suke koyar da lissafi tare a kwaleji. Daga bakin zaure ya tsaya. Takardun binciken Malam yake so ya ƙarasa, kada shekara bakwai ta tafi a banza. Na ce sai na fita takaba.

Lissafin dishi-dishi, haka Malam yake kiran abin idan zai yi min bayani. Wata rana na kai masa ruwan wanka, ya tsoma yatsa ya ce, "Nafisa, ruwan nan zafi ne ko sanyi?" Na ce da ɗumi. Sai ya tafa hannu kamar na ci jarrabawa. "Kin gani? Ke ma kin iya! Tsakanin e da a'a akwai tafiya." Wai mutane suna faɗa ne don ana tilasta musu su ce e ko a'a, alhali zuciyar mutum wani lokaci shida cikin goma ce. In kowa zai faɗi iya inda zuciyarsa ta kai, a haɗa, a raba, a ga tsakiya, sannan waɗanda suka yi nisa a roƙe su su matso, da ba a yi rigima a duniya ba.

Na ce ruwanka dai yana hucewa.

Lahadi, 13 ga Yuni

Yaya Alhaji Isyaku, wan Malam mai kantin yadi, ya zo daga Hotoro da buhun shinkafa. Ya daɗe yana addu'a. Sannan ya ce idan na fita takaba, Ummi za ta koma wurinsa. Hajiyarsa duk maza ta haifa. Akwai makaranta mai kyau kusa da su, akwai ɗaki. Ni kuma yarinya ce, in ji shi, gobe wani zai zo, ba ya son 'yar ƙaninsa ta zama agola.

Bai faɗa da mugunta ba. Har hawaye ya share da hularsa. Da ma da mugunta ya faɗa.

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya." Abin da na ce ke nan.

Litinin, 14 ga Yuni

Na ƙona tuwo.

Juma'a, 18 ga Yuni

Yayana Haruna ya ajiye motar hayarsa ya zo bayan masallaci, ya tarar da Alhaji a zaure. Ina jin su daga ɗaki. Haruna ya ce shari'a uwa ta ba riƙo, in ana musu a je gaban alƙali. Alhaji ya ce, "Direba ne zai koya min shari'a?" Haruna ya ce, "Ai ba a kantin yadi aka saukar da ita ba." Sai da Baban Bisi ya fito da zani a kafaɗa ya raba su.

Na aika wa Haruna cewa ni ba zan kai dangin Malam kotu ba, kabarinsa ko ruwan sama uku bai sha ba.

Yarinyar tana wanke-wanke duk lokacin. Kwano ɗaya ta wanke har suka tafi.

Alhamis, 24 ga Yuni

Malam Mu'azu ne ya kawo shawarar. Ya ce abin kunya ne a yi faɗa a gidan mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa kan yadda jama'a za su daidaita. A gwada hanyarsa. Mutum biyar: Alhaji, Inna, Yaya Ladi ƙanwar Alhaji, Haruna, da ni. Zama uku, Lahadi-Lahadi. Tambaya ɗaya: har ina ka yarda yarinyar ta zauna wurin uwarta? Daga babu zuwa goma. In tsakiyar ta haura biyar a zama na ƙarshe, ta zauna. In ba ta haura ba, Hotoro.

Alhaji ya yarda nan take. Har da dariya, wai yanzu mulkin farar hula ne, ba a yi wa kowa dole.

Ni ma na yarda, a gaban Inna na ba da baki. Na ji kamar Malam ne zai dawo ya zauna a tsakiyarmu ya yi magana. Na ce a raina, lissafinsa ba zai cuce ni ba, ni na kwafe masa shi da hannuna.

Laraba, 7 ga Yuli

Na fita takaba. Na yi wanka, an yi sadaka. Maman Bisi ta ɗinka min atamfa shuɗiya ta ce dole in saka. Na saka. Na leƙa titi, ban ga inda zan je ba, na dawo.

Lahadi, 11 ga Yuli

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban manta ba, ko da yake ba na jin zan manta.

Da la'asar aka zauna a tsakar gida. Malam Mu'azu ya zo da ƙananan takardu, kowa ya rubuta nasa a ɓoye ya ninke. Sai Inna ta ce ita ba ta san boko ba, kuma ba wanda zai rubuta mata zuciyarta. Yaya Ladi ta ce a kawo wake mana. Kowa ya ce wannan dabara ce. Ni da kaina na ɗebo waken, na kawo ƙwarya. Kowa ƙwaya goma a hannu, ka zuba iya yardarka, a gaban kowa.

Alhaji ya jefa ɗaya. Ya ce ita ma don darajar marigayi. Inna ta daɗe tana juya nata a tafin hannu, ta zuba shida. Yaya Ladi uku. Haruna takwas, yana kallon Alhaji, ɗaya bayan ɗaya, kowacce da ƙara.

Sai ni.

Inna tana gefena, gwiwarta tana taɓa tawa. Alhaji yana gabana. Tun da na haifi yarinyar nan ban taɓa ɗaukarta a gaban Inna ba. Ranar suna ma ɗaki na shige na rufe fuska. Haka uwata ta yi da Haruna, haka aka koya min: 'yar fari ta dangi ce, in ka nuna so an ce ba ka da ta ido. Yanzu a ce in buɗe hannu in zazzage goma a gaban surukata? Hannuna ya ƙi. Wallahi ba ni na ƙirga ba. Na ga dai biyar a ƙwarya, biyar sun manne min a tafi da gumi.

Na zaci kowa ya gane. Ai kowa ya san abin da biyar ɗin uwa take nufi.

Malam Mu'azu ya haɗa: ashirin da uku. A raba biyar, huɗu da ɗigo shida. Ya ce ba a haura ba tukuna, amma akwai sauran zama biyu. Waɗanda suka fi nisa da tsakiya su ne Alhaji da Haruna, su je su yi tunani su matso.

Yaya Ladi ta ce, "Allah ya yi miki albarka, Nafisa. Akwai kunya."

Litinin, 12 ga Yuli

Maman Bisi ta shigo ko sallama babu, da tef ɗin awo a wuya.

"Biyar? Ke Nafisa, 'yarki ce ko tumatir? Ni in aka ba ni wake goma a kan Bisi, nawa zan zuba, in ƙwace na Baban Bisi in ƙara, in shiga kicin in ɗauko buhu!"

Na ce ba za ki gane ba, mu ba haka muke ba.

Ta ce, "Ƙwarya ce ba za ta gane ba. Ita ba Bahaushiya ba ce."

Bayan ta tafi na yi lissafin a bayan littafin nan. Da goma na zuba, ashirin da takwas ke nan. A raba biyar, biyar da ɗigo shida. Da an haura tun ranar farko. Sau uku na yi, haka yake fitowa.

Alhamis, 15 ga Yuli

Kwana huɗu yarinyar ba ta ci tare da ni ba. Sai ta ɗauki kwanonta ta tafi gidan su Bisi.

Yau Maman Bisi ta gaya min. Ashe ranar Lahadi yarinyar tana bayan labule, ta ga komai. Ta ce wa Bisi, "Umma rabi take sona. Kawu Haruna ma ya fi ta."

Na shiga ɗaki na same ta tana jera littattafanta. Na tsaya. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ke, kin cika randa?"

Ta ce ta cika.

Lahadi, 18 ga Yuli

Zama na biyu. An yi ruwa, sai a falo aka zauna.

Alhaji ya zuba biyu, ya ce ga shi ya matso. Yaya Ladi uku. Haruna, Harunan da ya kusa dambe a zaure, biyar. Bai kalle ni ba. Inna huɗu.

Da aka zo kaina na kifa hannu gaba ɗaya. Goma. Guda ta yi tsalle ta fita daga ƙwarya, na bi ta ƙarƙashin kujera da rarrafe na ɗauko na mayar. Inna ta ja mayafinta ta kawar da kai.

Ashirin da huɗu. Huɗu da ɗigo takwas.

Malam Mu'azu ya yi ta share tabarau. Ya ce, "Maman Ummi, yanzu ke kika fi kowa nisa da jama'a. Tsari ya ce ke za a roƙa ki matso." Kuma wai tun farko littafin bai yarda mutum ya ƙara nisa da tsakiya ba, matsowa kawai ake yi, shi ne ya manta bai faɗa ba.

Alhaji ya ce, "A bar mata gomanta, uwa ce. Amma daga yau a bi littafin ƙanina yadda ya rubuta."

Ma'ana Haruna ba shi da damar komawa takwas. Na tare shi a zaure. Ya ce, "Ni aka ce in matso. Kuma ke uwar biyar kika sa, ni a wa zan fi ki zaƙewa? Cewa na yi ko kina da wani tunani ne da kike jin nauyin faɗa."

Wane tunani, Yaya?

Litinin, 19 ga Yuli

Na je gidan Inna a Tarauni da niyyar ba da haƙuri. Tana tsinke zogale. Ta bar ni a durƙushe, sai can ta ce, "Kin zaci ban gane biyar ɗinki ba? Ni ma na haifi ɗan fari. Isyaku yana shekara huɗu aka ɗauke shi, ban ce uffan ba. Da a baki aka yi maganar nan, ke ki ce mu muka sani, ni in dubi fuskarki in ce a bar mata 'yarta, shi ke nan an tashi. Haka ake yi."

Na ce to Inna me ya sa kika rage?

"Yaron nan Mu'azu ya ce Zakariyya ne ya ce kowa ya matso tsakiya. Ɗana ya bar magana ɗaya a duniya, ni ce zan saɓa?"

Ta ba ni zogale a leda. Na riƙo shi har gida ban san ina riƙe da shi ba.

Laraba, 21 ga Yuli

Kwana biyu ina kan takardun Malam, ko zan sami inda ya ce uwa daban ce. Shafi ɗari da wani abu. Rabi Turanci ne da alamomin da ban sani ba, amma akwai waɗanda ya fassara don kwamitin masallaci, su nake bi.

Na sami dokar. "Daga zama na biyu kowa yana iya matsowa kusa da jama'a, amma ba ya iya ƙara nisa." Rubutuna ne. Da jan biro ma na ja mata layi, don ta yi kyau. Na tuna ranar, yana cin gyaɗa yana karanto min, ina cewa ya rage sauri.

Malam, ka zauna shekara bakwai kana auna zuciyar mutane. Shekara goma sha biyu muna ɗaki ɗaya. Ba ka taɓa lura cewa matarka ba ta iya faɗin abin da take so a gaban mutane ba? Ko ka lura ka ga ba zai shiga lissafi ba?

Astagfirullah. Allah ya ji ƙanka. Amma na faɗa.

Juma'a, 23 ga Yuli

Na samu! A shafin farko ma yake, inda ban duba ba: "Duk wanda hukuncin zai shafa yana da murya." Wa abin ya shafa fiye da ita? Na aika wa Malam Mu'azu. Ya zo ya karanta, ya ce gaskiya ne, kuskurensa ne, ya kamata tun farko a ba ta wake.

Na yi lissafi. In kowa ya tsaya inda yake, ita ta zuba goma, talatin da huɗu a raba shida. An haura da nisa. Bakwai ma ta isa.

Na yi niyyar in yi mata magana. Na soya mata wainar fulawa, na ajiye inda za ta gani. Ta cinye. Ina ganin ta gane.

Lahadi, 25 ga Yuli

Alhaji bai yi musu ba. Ya ce in littafi ya ce, a kira ta.

Shi ya ƙara ɗaya, uku, wai kada a ce bai matso ba. Yaya Ladi uku. Inna huɗu. Haruna biyar, kansa a ƙasa. Malam Mu'azu ya ce, "Maman Ummi, ko za ki matso?" Na ce ina nan inda nake. Goma. Ashirin da biyar.

Shida kawai ake nema a wurinta. Na ƙirga a raina tun kafin ta shigo.

Ta shigo da hijabinta na Islamiyya ta durƙusa. Malam Mu'azu ya ƙirga mata goma a hannu, ya yi mata bayani sau biyu. Alhaji ya ce, "Ummina, kada ki ji tsoron kowa." Ta kalli ƙwaryar. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalli kowa ba.

Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar.

Ta tsaya. Na ga yatsunta suna motsi a kan sauran. Na ce a raina, ɗaya, ɗaya tak. Da zan iya kiran sunanta a wurin. Sai ta dunƙule hannu ta tashi ta fita.

Talatin a raba shida. Biyar cif. Malam Mu'azu ya sake ƙirgawa, kamar wake zai haihu. Ya ce, "Ba a haura ba." Ya ce kuma in aka cire ni, tazarar da ke tsakanin mutane ta ragu ƙwarai, alamar an kusa daidaitawa. Ban san me ya sa ya ga ya dace ya faɗi wannan ba.

Aka shafa fatiha.

Litinin, 26 ga Yuli

Ta rama. 'Yar shekara sha ɗaya, ta ajiye abin a ranta sati biyu ta rama a gaban mutane. Halin wa ta ɗauko?

Alhamis, 29 ga Yuli

Haruna ya ce har yanzu ƙofar alƙali a buɗe take. Na ce in je in ce me? Na ba da baki a gaban Inna. Ni na kawo waken, ni na kawo ƙwaryar, ni na ce a kira ta. In alƙali ya tambaye ta ta sake cewa rabi fa?

Asabar, 31 ga Yuli

Sun zo da mota da hantsi. Na haɗa mata kaya tun jiya: akwatin ƙarfen da na zo da shi gidan nan, man kitso, hoton babanta. Maman Bisi ta rungume ta tana kuka da Yarabanci, Bisi ma haka. Hajiya ta ce, "Sai ki riƙa zuwa, Nafisa, ai gida ne."

Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Umma, na tafi."

Na ce, "To. Ki riƙa jin magana."

Ban raka su ƙofa ba. Ina jin motar har ta hau titi.

Talata, 3 ga Agusta

Na dafa na mutum biyu. Kajin Maman Bisi sun gode.

Laraba, 11 ga Agusta

Malam Mu'azu ya zo karɓar takardun. Na haɗa masa duka a kwali. Ya tsaya yana murza hula, ashe akwai magana. Wai wannan ne karo na farko da aka gwada tsarin a kan matsala ta gaske, yana neman izini ya sa shi a cikin binciken. Ba suna, lambobi kawai. Za a kira ni "mai murya ta biyar".

Na ce ya sa. Na ce amma ya rubuta a ƙasa cewa mai murya ta biyar ƙarya ta yi a zama na farko, kuma duk wanda yake wurin ya san ƙarya ce, ban da lissafin.

Ya ce, "Abin da ya sa marigayi ya ce a yi a takarda a ɓoye ke nan." Ya ɗauki kwalin. "Ni na yarda da waken."

Wato Malam ya lura. Ban san ko daɗi zan ji ba. Ban ji ba.

Lahadi, 15 ga Agusta

An ce yarinyar ta yi ƙiba. An ce Hajiya ta saya mata takalmi mai igiya. Yaya Ladi ce ta kawo labarin, tana jira in ce wani abu. Na ce madalla.

Ba zan je ba. Ita ta zaɓa.

Juma'a, 20 ga Agusta

Maman Bisi ta ce kan yarinyar ya yi sati uku ba kitso, ta gan ta a kasuwar Tarauni da Hajiya. Wai ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai. Taurin kai ne kawai. Ba ruwana.

Talata, 24 ga Agusta

Na je Hotoro. Ba don komai ba, kibiyar kitsonta ta manta a nan, kuma ba kowace kibiya kanta yake so ba.

Hajiya ta karɓe ni da lemo. Inna ma tana can, ta zo kwana biyu. Yarinyar ta gaishe ni daga nesa kamar baƙuwa. Kan kuwa ya cukurkuɗe, abin tausayi. Na ce, "Ke, zo nan." Ta zo ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna, a falon baya, mu biyu. Na fara tsefewa. Na yi layi uku.

Sai ta ce, ba ta juyo ba, "Umma, me ya sa kika sa biyar?"

Ganin ƙeyarta nake yi, shi ya sa na iya. Na ce, "Ke me ya sa kika sa?"

A hankali ta ce, "Baffa yana kallona. Da Inna. Da kowa. Hannuna ne ya ƙi."

Na ajiye kibiyar. Wata ɗaya ina cewa ramuwa ce.

Na ce, "Ni ma."

Ba mu ƙara cewa komai a kai ba. Ta ba ni labarin makarantar, wai malamin lissafinsu bai kai babanta ba. Tana son makarantar, na ji a muryarta. Ban ce ta dawo ba, ita ma ba ta ce ba. Tana nan Hotoro. An gama wannan.

Kafin in ƙarasa gefen hagu barci ya ɗauke ta, kanta a kan cinyata, hannunta riƙe da bakin zanina. Ƙatuwar yarinya. Sai ga Inna ta ɗaga labule, Hajiya a bayanta da tire. Inna ta tsaya ta kalle mu. Na ji jikina yana shirin abin da ya saba, in zame, in ce ke tashi.

Ban zame ba. Hannuna ma yana kanta, na bar shi a wurin. Inna ta kalla, ta kalla, ta ce wa Hajiya, "Ajiye musu a nan," ta saki labulen.

Ƙafata ce ta yi tsami, shi ya sa ban motsa ba. Kuma kitson bai ƙare ba, gefen hagu ya rage. Na ce wa Hajiya zan dawo jibi in ƙarasa.